Gida Biyu Maganin Gobara: Ƙa'idar Zaman Ƙetare-Iyaka a Ma'aunin Kwanar Dangora

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. A nan ne motocin Jos suke karya kwana su nufi Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, sauran kuma su miƙe kudu. Idan kaka ta wuce, an gama kai masara rumbu, za ka ga samari a bakin titi, kowa da ƙullin kayansa, suna jiran tirelar shanu ko ta hatsi da za ta rage musu hanya zuwa Legas ko Fatakwal. Idan hadari ya fara haɗowa a gabas, a nan dai za ka gan su suna saukowa.

Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wannan kai-da-kawo ya taɓa ba mu kunya. Wata ƙungiyar manoma a yankin ta ba mu aikin tsara mata rajistar mambobi. Muka zauna a Kano muka zana fom kamar yadda aka koya mana: suna, ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, adireshin dindindin. Kowane gurbi amsa ɗaya yake karɓa. Ranar gwaji wani dattijo ya zauna a gabanmu. An haifi mahaifinsa a zangon Kumasi, mahaifiyarsa 'yar Damagaram ce, shi an haife shi a Kiru, gonarsa tana Doguwa, kuma ya yi shekaru yana cin rabin kowace shekara a Fatakwal, inda yake da ɗaki da abokan ciniki da masallacin da aka san wurin zamansa. Muka ce, "Baba, a ciki wanne ne na dindindin?" Ya dube mu ya ce, "Samari, na dindindin ai kabari ne." Manhajar ta ƙi wucewa shafi na gaba sai da muka zaɓar masa ɗaya.

Wannan fom ya dawo mana a rai da muka shiga karanta abin da masana zamantakewa suka rubuta game da mutanen da rayuwarsu ta rabu tsakanin wurare biyu. Suna da suna guda da suke kiran abin da shi, wanda a nan za mu kira zaman ƙetare-iyaka. Kalmar ta daɗe a bakin Turawa, domin tun 1916 Randolph Bourne ya yi amfani da ita a maƙalarsa mai suna "Trans-National America". Amma ba ta zama ƙa'idar bincike ba sai a 1992, lokacin da wasu mata uku masu nazarin al'umma, Nina Glick Schiller da Linda Basch da Cristina Szanton Blanc, suka gabatar da ita, sannan suka faɗaɗa ta a littafinsu Nations Unbound na 1994. Sun yi aiki ne da mutanen Haiti da Grenada da Saint Vincent da Filifin mazauna New York. Abin da suka lura da shi shi ne waɗannan baƙi ba su yanke da gida ba. Suna aika kuɗi, suna gina gidaje, suna tsoma baki a siyasar ƙasarsu, suna ɗaura aure da raɗa suna a can alhali suna biyan haya a nan.

Sai an san abin da suka zo suka tarar kafin a ga darajar aikinsu. Tsohon tunani a Amurka yana ɗaukar baƙo tamkar shukar da aka tuge aka dasa a wata gona, ko dai ta kama ko ta bushe. Sunan shahararren littafin Oscar Handlin na 1951, The Uprooted, ma'anarsa ke nan. A Hausance wannan shi ne "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Matan nan uku suka zo da ɗaya karin maganar, wato "gida biyu maganin gobara". Daga baya Peggy Levitt, a littafinta na 2001 kan wani ƙauye mai suna Miraflores a Jamhuriyar Dominika da 'ya'yansa mazauna Boston, ta ƙara da cewa ba kuɗi kaɗai ake aikowa gida ba, har da ɗabi'u da ra'ayoyi da sabon salon zama. Wanda ya ga ɗan cin rani ya dawo Kiru da sabon aski da sabon ra'ayi kan karatun 'ya'ya mata ba zai yi musun wannan ba. Don haka ƙa'idar ta faɗi gaskiya. Damuwarmu ita ce inda ta tsaya ta hango gaskiyar, domin daga Kwanar Dangora akwai abubuwa biyu da ba su zauna daidai ba.

Na farko shi ne batun sabunta. A 1999 Alejandro Portes da abokan aikinsa biyu suka ce a taƙaita kalmar ga harkokin da ke buƙatar hulɗa a kai a kai, mai ɗorewa, tsakanin ƙasashe biyu, kuma suka jingina yaɗuwar abin ga jirgin sama da wayar tarho da sauran na'urorin sadarwa. Sun yarda an taɓa yin irinsa a tarihi, amma sun ɗauke shi sharar fage. To, daga Kwanar Dangora zuwa garin Bebeji ba nisa, kuma a Bebeji aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken goro. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama. Da ya tasa sai ya bi ayarin Gwanja ya je ya same ta, ya dawo, ya sake komawa. Daga baya ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana ta yau zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano ya shiga sayen gyaɗa, kuma labarin raƙuma ashirin ɗauke da azurfarsa zuwa Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma a Kano har yau ana bayar da shi. Ya rasu a 1955, saura shekara biyu Gana ta sami 'yanci, saura biyar Najeriya ta samu.

A duba wannan rayuwa da kyau. Uwa a Akara, dangi a Bebeji, kasuwa a Kumasi da Legas da Kano, hulɗa a kai a kai kuma mai ɗorewa. Duk sharuɗɗan Portes sun cika, sai guda ɗaya: ƙasashen da ake cewa an ƙetare ba a haife su ba tukuna. Kuma Dantata ba shi kaɗai ba ne. Paul Lovejoy, a Caravans of Kola na 1980, ya bi sawun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a kan hanyar Gwanja, Mahdi Adamu kuma a 1978 ya nuna yadda zangunan Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma ƙarnuka kafin zuwan Bature. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi zaman Salga, ya ƙare rayuwarsa yana limanci da koyarwa a Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Waɗannan ba sharar fagen wani abu ba ne da za a yi a New York. Cikakken tsari ne da ya riƙe kansa.

Me ya riƙe shi, tunda babu waya? Abner Cohen ya ba da amsa a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Mai shanu yana zuwa daga Arewa ya sauka a wurin mai gida, mai gida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauta shanu bashi, shi mai gida ya tsaya a kan kuɗin. Goro kuma ya kama hanyar Arewa a kan amanar wakilan da ke can. Harshe ɗaya, addini ɗaya, sunan da mutum ke tsoron ɓatawa, da wasiƙar ajami a aljihun matafiyi, su ne suka yi aikin da banki da kotu suke yi a wasu wurare. A sana'armu mun san cewa abin da ke sa na'urori biyu su fahimci juna ita ce ƙa'idar da suka amince da ita, waya ɗaukar saƙo kawai take yi. Wayar salula ta ƙara wa saƙon sauri, mai POS a bakin kwana ya gaji direban da ake ba wa ambulan, amma amanar da ke ƙarƙashi tsohuwa ce.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne ma'aunin da ƙa'idar ta riƙe. Ɗan Jibiya da ke zuwa Maraɗi cin kasuwa, tafiyar da ba ta kai ta Kano zuwa Zariya ba, yana sauka ne a cikin danginsa. Hausarsu ɗaya, tuwonsu ɗaya, kuma sarkin garin har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birni lokacin jihadi su ne suka kafa sarautar. A littafin bincike wannan mutum ɗan ƙetare-iyaka ne, saboda layin da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyinsu tsakanin 1890 da 1906 ya bi ta tsakaninsu. William Miles ya nuna irin wannan a Hausaland Divided na 1994, inda ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaji a Najeriya da Yekuwa a Nijar. Shi kuwa saurayin da ya hau tirela a Kwanar Dangora ya wuni ya kwana a hanya, ya sauka a inda ba a jin yarensa, ba a cin abincinsa, ana kallonsa da zargi, sunansa a littafi ɗan ƙaurar cikin gida. Wani fannin ne yake nazarinsa, da wasu mujallu da wasu tarurruka, alhali shi ne ya fi kama da mutanen Haiti na New York.

Kuma kada a ce iyakokin da yake ƙetarewa na wasa ne. Hanyar da ta karya kwana a Dangora tana ƙarewa ne a Jos, inda Hausawa suka sauka tun farkon ƙarni na ashirin saboda haƙar kuza, kuma inda gardamar wane ne ɗan asali wane ne baƙo ta kasance cikin abubuwan da suka rura rikicin 2001 da 2008 da 2010. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma tana buɗe ƙofar makaranta da aikin gwamnati, tana kuma rufe ta, tamkar fasfo. A ƙarshen watan Maris na 2025 an tare mafarauta da ke dawowa daga Fatakwal domin yin Sallah a gida, aka kashe 16 daga cikinsu a Uromi ta Jihar Edo, akasarinsu mutanen Bunkure, nan kudancin Kano. Ba su fita daga Najeriya ba ko da taku ɗaya. Ƙa'idar da ke fara ƙirga daga shingen kwastan ba ta da gurbin da za ta sa su.

Masanan kansu sun ji wannan ƙaiƙayi. A 2002 Glick Schiller da Andreas Wimmer suka yi rubutu suna gargaɗi kan al'adar ɗaukar ƙasa a matsayin tukunyar da kowace al'umma ke dahuwa a ciki. A 2004 Roger Waldinger da David Fitzgerald, a maƙalarsu "Transnationalism in Question", suka ce yawancin abin da ake kira zaman ƙetare-iyaka shaƙuwa ce tsakanin gari da gari, irin wadda ɗan ƙaurar cikin gida ma yake yi, kuma abin da ya bambanta ƙaurar ƙasa da ƙasa shi ne ikon hukuma. Gyara ne mai kyau. Sai dai kalmar tana ɗauke da ƙasa a cikin cikinta, kamar yadda fom ɗinmu yake ɗauke da gurbin adireshin dindindin. Mai tsara rumbun bayanai ya san cewa abin da ka sa a matsayin ginshiƙi shi ne zai zama ƙa'ida, duk abin da bai shiga ba kuma ya zama matsalar da za a yi wa bayani. Ƙa'idar ta sa ƙasa ginshiƙi, sai tafiya ta zama abin mamaki. A wajenmu hanya ta girmi iyaka, don haka iyakar ce ya kamata a nemi bayaninta.

Abin takaici shi ne muna da kalmominmu, kuma sun fi ta ganin ƙwaƙwaf. Bahaushe bai raba tafiya da layin taswira ba, ya raba ta da niyya da lokaci. Cin rani tafiya ce da damina ke yanke ta. Fatauci tafiya ce da riba ke yanke ta. Almajiri yana tafiya gabas har sai ya sauke. Ƙaura tashi ne gaba ɗaya, hijira kuma tashi ne saboda addini ko tsira. Zaman bariki yana da nasa hukunci a idon mutanen gida, wanda ya yi kaka-gida kuwa an daina sa masa tuwo. Akwai takari, akwai 'yan Kano-Jidda. Masu binciken da suka saurari waɗannan kalmomi sun ga abin da wasu ba su gani ba. David Rain ya ɗauko sunan littafinsa na 1999 kan Maraɗi kai tsaye daga "masu cin rani". C. Bawa Yamba, a Permanent Pilgrims na 1995, ya sami mutanenmu a Sudan waɗanda kakanninsu ne suka baro gida, amma har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka. Irin waɗannan gida biyu ma bai kama su ba, domin zuciyarsu tana wuri na uku da ba su kai ba tukuna.

To sai mu yar da ƙa'idar ke nan? A'a, kuma a nan ne muke rabuwa da 'yan'uwanmu masu cewa iyaka zanen Bature ce kawai. Zane ne, amma yana cizo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, kuma mutanen zango da aka haifa a can suka wayi gari ana tambayarsu takardar da kakanninsu ba su taɓa buƙata ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora, har buhun da suka zuba kaya ya sami sunan da yake amsawa yau. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, manomin shinkafa a Tudun Wada ya ga farashi ya ɗaga, ɗan kasuwar Jibiya ya ga kasuwa ta kwanta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an sake rufe iyakar, an yanke wutar lantarki, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba biza. Duk wanda zai fahimci abin da ya sami iyalin da ke da ɗaki a Magama da ɗaki a Ɗan Isa a waɗannan watanni yana buƙatar ƙa'idar da ta ɗauki hukuma da muhimmanci. Kalmar fatauci ba za ta ishe shi ba.

Haka kuma bai kamata mu yi wa tsohuwar hanyar kwalliya ba. Ayarin da ya ɗauki goro ya ɗauki bayi, wasu a matsayin 'yan dako, wasu a matsayin haja. Adabinmu bai ɓoye wannan ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta har Tarabulus. Gida biyu maganin gobara ne ga wanda ya zaɓa. Ga wanda aka ɗauka, da matar da aka bari da yara huɗu da rabin buhun masara tana jiran ƙarar saƙon banki, lissafin daban ne. Ƙa'idar zaman ƙetare-iyaka ta fi son mai tafiya da dawowa, ɗan kasuwa mai fasfo, domin shi ne yake tabbatar da ita, alhali binciken su Portes da kansu ya nuna tsiraru ne daga cikin baƙi suke yin irin wannan zirga-zirga a kai a kai.

Abin da muke ganin ya dace shi ne a juya tambayar. Maimakon a tambayi dattijon nan dalilin da ya sa yake da gida biyu, a tambayi wace hukuma ce, a wace shekara, ta fara neman ya zaɓi ɗaya, kuma me ya rasa da ya zaɓa. A wannan tambaya shingen Jibiya da takardar ɗan asali ta Jos da lambar NIN da fom ɗinmu duk dangin juna ne, sun bambanta ne a ƙarfi. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da zai yi bincike a kan cin rani yana iya aron ƙa'idar domin ta nuna masa aikin hukuma, amma ya fara da kalmar da mutanen suke kiran tafiyarsu da ita. Marubutan ƙagaggun labarai kuma suna da fili a nan wanda ba a nome shi sosai ba. Mun karanta jarumai da yawa da suka tafi Landan ko Dubai karatu suka dawo da mota. Ba mu cika karanta wanda ya sauka daga tirela a Kwanar Dangora da ledar tsaraba ba, yana tunanin ko ɗansa ƙarami zai gane shi.

Game da rajistar, mun koma mun gyara. Muka cire gurbin adireshin dindindin, muka ba mutum damar sa wurare nawa yake so, kowanne da watannin da yake yi a can. Dattijon ya sa uku. Da lokacin tura sunaye ya yi domin rabon takin zamani, takardar da aka aiko mana daga sama tana da layi ɗaya tak na ƙaramar hukuma. Muka kira shi a waya, yana Fatakwal, ana jin ƙarar kasuwa a bayansa. Ya ce mu sa Doguwa, tunda can ne takin zai shiga ƙasa.